Dinya a Gindin Ajwa

Bakina ne ya jawo mini, ba kowa ba. A lokacin ina aiki a wata gonar dabino a Ƙuba, gefen Madina, cikin shekarun casa'in, wajen wani tsoho ɗan ƙasa wanda kakansa ya tako daga ƙasar Hausa da ƙafa. Hausar tsohon tana nan, sai dai ta tsufa, rabinta kuma ya zama Larabci. Wata rana ya dawo daga kasuwar tsuntsaye da dinya uku a bayan mota, namiji ɗaya mata biyu, an ɗaure musu ƙafafu da tsumma. Ya ce mai sayarwa ya gaya masa irin Masar ne, ya tambaye ni ko na san su. Maimakon in ce na ɗan sani, sai na ce ai a cikinsu aka haife ni. Na ce garinmu bakin fadama yake, ubana masunci ne, tun ban iya ɗaura wando ba nake bin dinya cikin ciyawa. Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba, don ni ma bai zo mini a rai ba, shi ne dinyar da na sani ta daji ce, baƙa, kuma iyakar sanina da ita in gano gurbinta in kwashe ƙwai in kai gida. Ban taɓa kiwon ko guda ba.

Tsohon ya ji daɗi. Ya ce to ga su nan a hannuna, abin da yake so kawai ya ga 'ya'yansu suna bin hanyar ruwa a gonar nan kafin ƙafarsa ta daina kawo shi.

Babban ɗansa, wanda shi ke kula da sayar da dabinon, tun ranar bai so su ba. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsa maka. Ba zan ce ba shi da hujja ba. Akwai rumfa a tsakiyar gonar inda ake shimfiɗa wa baƙi darduma su sha gahawa, cikin mako guda dinyoyin nan suka mayar da ita masai. Ga ihu tun asuba. Namijin kuwa mugu ne, bai san babba ba bai san baƙo ba. Har surukin gidan ya taɓa kamawa a cinya, mutum mai tumbi da farar riga, yana zagaya bishiya yana salati. Ni aka kira na zo na janye shi, ni kuma aka harara.

A garinmu kowane yaro ya san yadda dinya take. Ba ta yin ƙwai sai damina ta zauna, ciyawa ta wuce gwiwa. Shekarar da ruwan farko ya zo da wuri, ya kuma yi ta zuwa a hankali, za ka ga uwa da 'ya'ya takwas ko goma a bayanta. Shekarar da ya yi jinkiri, ko ya zo gaba ɗaya kogi ya tumbatsa ya shafe ciyawa, sai ka gama kaka ba ka ga ko uku ba. Wannan shi ne karatuna, da shi na zo Madina, kuma na riƙe shi gam.

Saboda haka da sanyi ya kusa ƙarewa a shekarar farko, na fara tsintar ƙwai a gindin bishiyoyi, manya kamar dunƙulen hannu, sai na ce a raina wannan ƙwan banza ne. Ina ruwa? Ina ciyawa? Sama fes, ƙasa ƙeƙas. Na ce canjin wuri ne ya ruɗa su, na gaskiyar yana tafe in hadari ya taso. To abin da ba zai ƙyanƙyashe ba me za a yi da shi? Na soya. Guda ɗaya yana cika ƙaramar tukunyata, in ka yanka albasa da tumatir ka samu gurasar tamis mai zafi, ba ka neman komai sai azahar. Ban ƙirga ba, amma sun haura goma sha biyar. Babbar macen ta yi ta ƙoƙarin tara ƙwai wuri guda, ni kuma ina biye da ita ina kwashewa.

Da lokacin da suke kira rabi'i ya shigo, wato 'yan makonnin nan tsakanin sanyi da zafi, aka yi ruwa sau biyu. Na je na gaya wa tsohon ya shirya, yanzu za su fara. Muka jira. Ba ƙwai ba alamarsa. Zafi ya sauko, suka hau zubar da gashi.

Akwai wani ɗan Nijeriya mai haɗa magunguna da ke zaune a unguwar Aƙiƙ, muna ce masa Dakta. Yakan zo ranar Juma'a bayan la'asar ya sayi dabino, ya zauna su yi hira da tsohon, don tsohon yana son jin Hausar gida. Shi ne ya tambaya ko dinyoyin ba su yi ƙwai ba sam. Na ce sun yi na banza cikin sanyi. Ya ajiye finjalin gahawa ya dube ni. Ya ce irin waɗannan ba ruwan sama suke jira ba, da rana ta fara tsawo sanyi ya fara sauƙi shi ke nan lokacinsu, sau ɗaya a shekara, in ya wuce ya wuce.

Ya ce, "To Malam, ina ƙwan?"

Na ce, "Dakta, suna inda ba za su dawo ba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗan bai yi ba. Ya faɗi wata magana da Larabci wadda na ji sarai, ma'anarta an ɗauko masani daga Afirka ya cinye aikin.

Shekara ta biyu na shirya tun sanyi bai ƙare ba. Na gyara musu wuri a kan tudu kusa da ɗakina, na yi rumfa da zarba, na zuba busasshiyar ciyawa. Ƙaramar macen ba ta da hankalin kwanci, duk inda ƙwai ya matse ta nan take sakinsa ta yi gaba, wani ma a kan siminti ya fashe. Babbar kuwa ta dubi rumfata ta wuce. Ta je can ƙarshen gona, jikin katanga, inda ƙasa ta fi gangara, ta yi gurbi a nan. Sau uku ina kwashe ƙwan ina kai su tudu, sau uku tana barinsu ta koma kwarin ta sake sabo. Na gaji na bar ta. Na ce ai wannan gari ne da ake shekara ba a jiƙa ba, me zai same ta.

Ta yi kwana ashirin da wani abu a kai. Wata la'asar sama ta yi baƙi daga yamma, iska ta taso, sai ƙanƙara kamar ana jifa da tsakuwa. Bayanta ruwa. Wanda bai zauna nan ba ba zai gane ba. Ƙasar nan ba ta shan ruwa, turo shi take yi. Kafin ka ɗauki shebur, duk abin da ya sauka a gonar ya gangara ya taru jikin katangar nan. Mutanen gari suna murna, motoci sun cika hanya ana tafiya Aƙiƙ kallon kwari yana gudu da ruwa, har da masu ɗaukar butar shayi. Ni kuwa ina tsaye cikin laka har gwiwa ina laluben ƙwai. Na samu huɗu, sun yi sanyi ƙalau. Uwar tana iyo a kan gurbinta kamar ba abin da ya faru, namijin yana bakin ruwa yana jiran in fito ya kama ni.

Bayan wannan ne ɗan ya sa uban a gaba. Ya ce shekara biyu ana ciyar da su hatsi, ana wanke darduma, ba a ga komai ba sai cizo. A yanka su a yi shinkafa a huta. Tsohon ya juyo gare ni.

"Ɗana, rabi'i ɗaya ya rage maka. In sun ƙyanƙyashe, ko guda ne, sun zauna. In ba su yi ba, kai za ka riƙe musu ƙafa."

Na ce na ji, Baba.

Zan faɗi gaskiya, ba son dinyoyin nan nake ba. Ƙafafuna duk tabonsu ne. Amma na riga na buɗe baki a gaban mutane, kuma an yi mini dariya sau biyu. Bayan haka, a duk garin nan babu wani abu da ke yin ƙara irin ta garinmu sai su. In na fito buɗe injin ruwa da sassafe suka ɗauki ihun nan, nakan ɗan tsaya. Iyakarta ke nan, ba zan ƙara gishiri ba.

Shekara ta uku ta zo da nata salon. Ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Sanyi ya yi gajere, zafi ya shigo tun lokacinsa bai yi ba, da wata busasshiyar iska mai fasa leɓe. Dabino ya ruɗe ya fara buɗe fure da wuri. Babbar macen kuma, da ta tashi zaɓen wuri, duk faɗin gonar nan ba ta ga ko'ina ba sai gindin ajwa.

Sai na yi bayanin wannan bishiya. Akwai dabinon ajwa da yawa a Madina, amma wannan uban tsohon ne ya dasa ta da hannunsa. Ba a sayar da 'ya'yanta. Ana ajiyewa ne a raba wa dangi, kowane gida da kasonsa, har na Makka da Jidda ana aika musu. A gindinta akwai 'yan ƙananan dabino da suka tsiro suka yi duhu, a cikinsu ta shige ta tara ƙwai bakwai ta kwanta.

Shi kuma dabino ba ya haihuwa da kansa yadda ake so. In macen ta buɗe fure, sai mutum ya hau da igiya, ya sare ƙayoyi, ya ɗauki 'yan silin furen namiji ya cusa cikin nata ya ɗaure. Talƙihi suke ce masa. Kwana kaɗan gare ka bayan furen ya buɗe, kuma ba rana ɗaya suke buɗewa ba, sai ka hau bishiya guda sau uku ko huɗu. Wannan aikina ne, kuma na iya shi, ba kamar dinya ba.

Na gwada hawa sau ɗaya. Ina zagaya igiya a jikin bishiyar namijin ya kama mini sha-raɓa ya murɗa. Na shure shi na hau. Ƙaya ta farko da na sare ta faɗa kan uwar, ta tashi da ihu ta nufi tankin ruwa. Na sauko ban ɗaure ko fure ɗaya ba, na koma nesa na tsuguna ina jira. Ba ta dawo ba sai da rana ta take. Da na taɓa ƙwan, gefen da rana ta samu har ƙuna yake. Na san in na sake yin haka sau biyu, an gama.

Dakta ya zo Juma'ar nan na gaya masa. Ya ce ba zafin kaɗai ba ne abin tsoro, bushewar iskar ce. In babu laima, fatar da ke cikin ƙwan takan bushe ta manne wa ɗan, ya kasa fitowa ya mutu a ciki. Shawararsa a kwashe ƙwan a kai wa wani mai injin ƙyanƙyasa da ya sani. Na ƙi. Na ce in inji ya ƙyanƙyashe, ɗan gidan zai ce ba dinya ce ta yi ba, kuma ni ban yarda da ƙwai a bayan mota a kan hanyar nan ba. Amma maganar laimar ta zauna mini. Na tuna gurbin dinyar daji, in ka sa hannu ƙarƙashinsa ƙasar a jiƙe take, uwar kuma kullum da jiƙaƙƙen ciki take dawowa ta kwanta. Karo na farko ke nan da karatun garinmu ya yi mini amfani.

Kowace bishiya tana da kwaminta, wato ramin da aka zagaye ta da shi don ba ruwa. Na ɗauki fartanya na yi 'yar kunya kewaye da gurbin, ina yi namijin yana saran bayana. Kullum da safe sai in saki ruwa kaɗan cikin kwamin, ya zagaye ta bai taɓa ƙwan ba. Na yanka ganga gida biyu na cika rabin da ruwa na ajiye kusa, don ta yi wanka ba sai ta je tanki ba. Na kakkafa zarba ta ɓangaren rana. A nan ma laifi nake yi, don dokar tsohon ita ce a rage wa dabino ruwa lokacin fure. Ajwa kuwa ina dirka mata kullum.

Sauran bishiyoyin duk na hau su na gama. Ita kaɗai na bari. Ina kallon furenta daga ƙasa yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, fari, sannan ya dushe. Na yi ta gaya wa kaina akwai namijin dabino a gonar maƙwabta, wataƙila iska ta kawo. Na san ƙarya nake wa kaina. A lokacin ƙafar tsohon ta matsa masa, ba ya wuce rumfa. Sau biyu yana tambayata ko na hau ajwa, sau biyu ina ce masa, "Ana kai, Baba."

Wata guda cif dinyar ta yi a kan ƙwan. Iskar nan ba ta huta ba ko rana ɗaya, uwar ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito. Ranar da na ji ƙaramin kuka daga cikin duhun nan ina riƙe da shebur, ban yi murna ba tukuna, sai da na zagaya na leƙa. Huɗu suka fito. Ɗaya ya fasa ya leƙo da baki ya mutu a haka, fatar ta manne masa kamar yadda Dakta ya faɗa. Biyu baragurbi. Da a garinmu ne a shekarar kirki, huɗu abin kunya ne. A wannan rabi'in, ni na san abin da huɗun nan suka ci.

Aka ɗauko tsohon a kan kujera aka kawo shi bakin hanyar ruwa. Na saki ruwa, uwar ta shiga gaba, 'ya'yan suna bin ta rawaya-rawaya, namijin a baya yana hura hanci. Tsohon ya yi ta kallo, can ya ce a kawo masa gahawarsa nan. Ɗan ya ce mini mabruk, wato barka, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Na samu kusan wata biyu ina shan iska. Sannan 'ya'yan dabino suka fara girma. Wanda aka yi wa talƙihi guda ɗaya yake fitowa a kowane gurbi, ya yi ƙiba. Wanda ba a yi wa ba uku yake fitowa a manne, ƙanana, ba ƙwallo a ciki, ba ya nuna ba ya zaƙi. Shis suke ce masa, sai dai a ba awaki. Ɗan ne ya fara gani. Ya tsaya a gindin ajwa ya ɗaga kai, ya daɗe, sannan ya sa aka kawo tsani ya hau da kansa ya yanko reshe guda. Ya kai wa uban ya ajiye a kan darduma, aka aiko in zo.

Ɗan ya yi ta faɗa da Larabci. Ya ce na yaudari tsoho, na kashe amfanin shekara guda na bishiyar kakansa saboda tsuntsu, ruwan da na yi ta zubawa ma ya isa ya ruɓar da saiwa. Ya ce alkawarin da aka yi ba da ajwa aka yi shi ba, don haka ya warware, a yanka su duka har 'ya'yan. Ni dai ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Tsohon yana ta juya reshen a hannunsa. Da ɗan ya gaji, sai tsohon ya ce da ni, "Me ya hana ka gaya mini?"

Na ce, "Baba, da na gaya maka, cewa za ka yi in hau."

Ya ce, "Haka ne. Da na ce ka hau."

Sannan ya ce shi dai ya faɗa a gaban mutane cewa in sun ƙyanƙyashe ko guda ne sun zauna, bai sa wani sharaɗi ba, kuma bai kai shekarun nan yana janye magana ba. Dinya ba ta yi masa ƙarya ba, in ji shi, saboda haka ba wanda zai sa mata wuƙa. Amma ni, daga ranar ƙafata ba za ta sake taka ajwa ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A shekarar dangi suka karɓi dabinon wata bishiya, kuma ba gidan da bai yi waya ya tambayi dalili ba. Duk wanda ya tambaya, ɗan yana ba shi labarin tun daga ƙwan da na soya. Har yau akwai waɗanda ba su san fuskata ba a Jidda amma sun san wannan.

Cikin huɗun, zafi ya kashe guda, uku suka girma, biyu daga ciki maza, halin ubansu sak. Uwar kuma ta ga wuri ya yi mata, duk shekara gindin ajwa take komawa, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Sai dai tun sanyi nake toshe duhun nan da waya, in tura ta gindin bishiyar da ke kusa, mu yi ta rigima har ta haƙura. Wata shekarar ta fito da shida, wata biyu, wata ba ko ɗaya, gwargwadon yadda rabi'in ya ga dama. Ajwa kuwa wani Bayamane aka riƙa ɗaukowa yana hawa, mutumin da na fi shi iya ɗaurin fure nesa ba kusa ba. Aikina a ranar in kama mazan nan uku in kulle biyu a ɗakina, in danne babban a hammata in riƙe wuyansa, in tsaya a ƙasa cikin rana ina kallon wani yana yi mini aikina a karkace, har ya sauko.